Yatsu Huɗu a Kan Mol

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 1:15 na rana

Aiki ya tsaya tun hantsi. Akwai wuta, inji ma lafiyarsa ƙalau. Fuska ce ta fito da tabo.

Bari in rubuta yadda aka yi. Aikinmu a kamfanin nan guda ne, buga saman murhun gas mai baki biyu, abin da muke kira fuska. In ɗauki farantin silba, in shimfiɗa a kan mol, in janye hannu, in taka feda, inji ya sauko ya matse shi. Mol ɗin ƙarfe biyu ne, na sama da na ƙasa, an goge cikinsu sumul kamar madubi. Ko gashin gemu ya faɗa ciki sai ya fito a jikin fuska. Murhun nan kuwa yawanci a ɗakin amare yake ƙarewa, mata kuma ƙyalli suke fara dubawa kafin su tambayi ko yana kamawa.

Na buga goma sha biyu. Yohanna ya ɗauki ta farko, ya ɓare ledar da ke kanta, ya karkata ta ƙarƙashin dogon ƙwan lantarkin da yake duba aiki da shi. Shi ne mai kula da mol, shekara tara ke nan muna ƙarƙashin rufi ɗaya. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Maƙeri. Ya ajiye ta farko ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Sai ya ɗaga mini hannu in tsaya.

A kusurwar hagu ta kowace fuska akwai ɗige-ɗige kamar zanzana, layi huɗu jere. Da ya kashe inji ya leƙa mol ɗin ƙasa, ga su nan baƙi ƙirin a kan ƙarfen.

Alhaji Abdulshakur, mai kamfanin, ya fito daga ofis da waya a kunne. Da ya gani sai ya kashe wayar ba sallama.

"Injiniya, ka sa mai ran Assabar?"

"Na sa, Alhaji. Na sa mai, na rufe da takarda."

"To mi yac ci ƙarhen? Aljannu?"

"Ban sani ba tukuna."

"Damina ta, Injiniya. Ƙarhe ba mai, kwana biyu. Ko yaro ya san abin da ka hwaruwa."

Ni ne na ƙarshen fita ranar Asabar. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban ce komai ba.

Litinin, bayan magariba

Matata Nuriyya ta yi dambu, na ci loma uku. Ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce gajiya ce. Ta ce wace irin gajiya ga mutumin da ya dawo da rigarsa fes kamar limami. Matar nan da ta yi boko da alƙaliya ta zama.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 12:40

Alhaji ya yanke magana. Ya ba Yohanna zuwa Asabar 16 ga wata. In mol ya gyaru, shi ke nan. In bai gyaru ba, ya ajiye makullin akwatin kayan aiki ya kama gabansa. A gaban kowa ya faɗa, har da mai gadi.

Ban ga laifin Alhaji sosai ba. Mol ɗin nan sabo ne, wata biyu da zuwansa, ya fi wata shida yana jiran sa. Dillalin da ke ɗaukar murhun kuma ya dawo mana da lodi guda bara saboda ƙarzanen da sai ka sa tabarau za ka gani.

Yohanna bai yi musu ba. Ya jawo kujerarsa ƴar tsuguno, ya jera duwatsun gugarsa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya ɗiga kananzir, ya fara. Matarsa Martha tana koyarwa a firamare, ƴaƴansu uku, babbar Peace ajinsu ɗaya da Khairiyyata. A Sakkwato aka haifi yaran duka.

Ni an mayar da ni tsohon inji, ina buga ƙananan ƙafafun murhu, waɗanda ba mai duba ƙyallinsu. Injin da ya cinye wa abokin aikinmu Mode yatsu biyu ke nan mako uku da suka wuce. An wanke shi, amma ni ina ganin wurin.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na safe

Yau zan yi magana.

Laraba, ƙarfe 5:50 na yamma

Ban yi ba. Alhaji ya je Birnin Kabi. Ya dawo ƙarfe uku, amma dai da safe ba ya nan.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Na biya Ƙofar Marke gaida Inna. Na same ta a bakin ɗaki tana tsintar shinkafa, idonta ba ya gani sosai amma tsakuwa ba ta wuce ta. Ɗakin ƙirar babanmu yana nan a zaure, uwar maƙera na tsakiya, kaji na hawa kanta. Shekara ɗari ta yi ana dukanta da guduma, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ba abin da ya same ta. Da irin wannan ƙarfen na tashi. A gidanmu ƙarfe ƙarfe ne.

Da na zauna ta miƙo hannu ta kama nawa, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana lalube. Tun ranar da ta ji labarin Mode take yi mini haka.

"Auta, ka yi abin da nic ce?"

"Na yi, Inna."

"Bisa ƙarhen tsura? Ba mai, ba komi?"

"Tsura."

"Ya kwana biyu?"

"Ya kwana."

"Madalla. Yanzu ya san mai shi."

Ba zan rubuta sauran ba. To, in ban rubuta a nan ba a ina zan rubuta? Kwalba ce ƙarama ta maganin tari. Jiƙon bagaruwa da tsamiya da gishirin manda, da wani sassaƙe da ba ta faɗa mini sunansa ba. Haka ake yi wa kowace sabuwar uwar maƙera a gidanmu tun kakan kakana, a shafa da yatsun dama, a bar shi kwana biyu, don kada ƙarfe ya ci mai aiki da shi. Babanmu ya yi shekara hamsin yana ƙira, ya koma ga Allah da yatsunsa goma.

Na ce mata, "Inna, ƙarhen wurin aikinmu ba irin wanga ba na. Ya ɓaci. Kuma wani aka shirin kora."

Ta tsaya da tsintar. "Wane na?"

"Yohanna. Wanda yak kawo maki zuma bara."

"Allah sarki, mutumen kirki." Sannan ta ce, "Amma ka ji ni da kyau. Abin ga ba a hwaɗinai. Randa kab buɗe baki, ya karye. Shi aiki za shi rasawa, Allah na ba shi wani. Kai in kar rasa hannu, wa za shi ba ka wani?"

Na ce mata tsari na Allah ne. Ta ce ta riga ni sani, tun kafin a yanke mini cibi take salla.

Na yi karatu, ina sallata, na san abin da malamai ke cewa a kan irin wannan. Amma ni na ɗauki Mode zuwa asibiti a kan babur ɗin kabu-kabu, hannunsa naɗe a rigata. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Tsoron injin, da tsoron Alhaji, wanda ya taɓa korar direba don ya ga laya a rataye a madubin mota.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 4:00

Ruwa tun asuba. Unguwarmu, Unguwar Rogo, ta zama fadama, ba shiga ba fita. Na gyara ƙofar banɗaki da ba ta lalace ba. Na kwance fanka na wanke na mayar, yanzu tana wata ƙara da da ba ta yi. Khairiyya ta ce, Baba ko dai ka kwanta. Na kwanta, na tashi.

Ba a ce lallai mol ba zai gyaru ba. In ya gyaru, ba wanda aka kora, ba wanda ya yi magana, kowa ya huta. Yohanna gwani ne. Na taɓa ganin ya fitar da ƙarzanen da wani injiniyan Legas ya ce sai dai a sayi sabo.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 1:30

Kwana shida yana guga. Yatsunsa sun yi fari saboda kananzir, fatar tana saɓulewa. Yau ya kira ni in riƙe masa fitila.

"Maƙeri, kawo hasken nan gefe. Ba a kai ba, gefe. Kai, an ce maka rami muke haƙa?"

"Ku mutanen dutse ba ku iya roƙo ba. Ce don Allah."

"Don Allah, ranka ya daɗe, Sarkin Maƙera, karkato fitila."

Na yi dariya, har na manta na ɗan lokaci. Haka muke tun da. Shi ya ce Hausata ta Sakkwato sai da tafinta, ni in ce tasa Hausar coci ce, ba gishiri.

Ya nuna mini yadda abin yake. Baƙin ya fita tun ranar Laraba, amma ƙarƙashinsa akwai ƙananan ramuka, kuma sun yi zurfi fiye da yadda ya zata. Ya ce tsatsar damina ba ta cin ƙarfe haka a kwana biyu. Ya faɗi wannan yana kallon mol, ba ni ba. Na bar hasken fitilar ya kauce.

"Riƙe da kyau," ya ce.

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi taimake ka, Injiniya."

Ya ce amin. Ya ci gaba da guga.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 7:10 na safe

Layi huɗu. Na gwada hannuna a kan ɗaya daga cikin fuskokin da aka jefar bayan kamfani. Ban san me ya kai ni ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 3:20

An gwada. Ni aka kira in buga, don babban injin ba mai taɓa shi sai ni. Na sa faranti, na janye hannu, na taka.

Yohanna ya ɓare leda. Babu ɗigo ko ɗaya. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai gadi ya leƙo. Amma shi bai yi murmushi ba. Ya kai fuskar ƙarƙashin dogon ƙwai ya karkata. Hasken ƙwan ya kwanta a kanta miƙe kamar zare, yana zuwa kusurwar hagu sai ya lanƙwashe. Wurin da ya goge ya ɗan lotsa, abin da bai kai kaurin takarda ba. Hannu ba ya ji, ido kuwa yana gani.

Na ce masa wace amarya ce za ta zo da dogon ƙwai ta duba. Na ce mu nuna wa Alhaji a inuwa.

"Maƙeri, ni na gani," ya ce. Ya ɗauki fuskar da kansa ya kai ofis.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yanzu sai an sauke fuskar mol ɗin gaba ɗaya ta zama daidai, injin da ke yin wannan kuwa sai Kano. Da hannu, ya ce, wata guda ne. Saura masa kwana uku.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 1:00

Ya zo ƙarfe shida, ya ci gaba da guga kamar wata gudan aka ba shi. Ban iya cin abinci kusa da shi ba, na ce azumi nake. Ƙarya ta biyu ke nan, ko ta uku.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Nuriyya ta gano. Ba ni na faɗa ba, don haka ban sani ba ko maganin ya karye ko bai karye ba. Dubi irin tunanin da nake yi, ni da gemuna.

Tana wanki ta ciro kwalbar daga aljihun wandon aikina. Kwana goma sha uku tana ciki, na kasa jefarwa. Ta buɗe ta sunsuna. Ita ma jikar maƙera ce ta wajen uwa, ba sai an yi mata bayani ba. Ta kori yara waje, ta zauna a bakin gado.

"Baban Khairiyya, wanga na abin da yac ci ƙarhen Oga Yohanna?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Jiya Maman Peace taz zo nan. Nan taz zamna, inda nike. Ta ce in roƙe ka ka sa baki wurin Alhaji, tunda shina jin maganarka. Nic ce mata kada ta damu, maigidana ba ya barin a zalunci mutum gabanai."

Na ce mata ba ta san Alhaji ba. Na ce in na faɗa mu biyu za a kora, wa ya ci riba? Na ce Inna ta hana. Na kawo hujja ta fi goma, kowace da ƙafafunta.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ita dai ba ta san da wane ido za ta kalli Maman Peace ba. Ta ajiye kwalbar a kan akwatin talabijin, inda duk wanda ya shigo zai gani, ta koma wankinta. Na ɗauke na jefa a masai.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 2:30

Ƙarfe goma sha biyu Alhaji ya fito. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, ba ni da ƙiyayya da kai. Amma magana na yi gaban mutane."

Yohanna ya tashi, ya wanke duwatsunsa ɗaya ɗaya, ya naɗe su a tsumma. Ya shafa wa mol mai, sama da ƙasa, ya rufe da takarda, ya kira Alhaji ya ce ya zo ya gani da idonsa. Sannan ya miƙa makulli. Ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe, yana kallona. Na ce, "Sai mun zo gida." Ya ce to.

Ina tsaye, taku uku tsakanina da Alhaji. Ban ce komai ba.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 12:15

An ɗora mol a mota zuwa Kano. An ce kwana goma. Kujerar Yohanna tana nan inda ya bar ta, kowa yana kewaye ta.

Ban je gidansa ba.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 6:00 na yamma

Mode ya zo gaishe mu, hannu a naɗe. Ya rame amma bakin yana nan. Muna shan shayi a bakin titi ya ce mini, "Badaru, ka ji abin da aka hwaɗi? Wai da gangan Yohanna yay yi. Wai wani kamhwani yab biya shi shi zuba asid."

Na ce wa ya ce? Ya ce kowa. Ya ce jiya Yohanna ya je neman aiki wurin masu walda biyu da wani mai injin yankan ƙarfe, duk sun ce babu wuri, alhali mai injin yankan wata biyu yana neman mutum. Magana ta riga shi isa.

Mode ya ce shi bai yarda ba. Ya ce ranar da inji ya kama shi, Yohanna ne ya yi tsalle ya kashe wuta, da ba haka ba da hannun duka ya tafi. Ya ɗaga ragowar yatsunsa uku ya ce, waɗanga nashi na.

Na ɗauka aiki kawai zai rasa, Inna ma haka ta ce. Ashe har da sunansa, a garin da ya yi shekara ashirin.

Na ajiye shayin na tashi.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 11:00 na safe

Na faɗa.

Ban shirya ba. Na sa faranti a tsohon inji, na ɗaga ƙafa zan taka, sai na ga na sauke ta. Na wuce ofis ko sallama ban tuna na yi ba. Alhaji na karyawa da ƙosai. Na ce, "Ranka shi daɗe, Injiniya ya sa mai ran Assabar. Ni nig goge shi." Daga nan na kwashe komai na faɗa, kwalbar, bagaruwar, kwana biyun. Sunan Inna kawai na ɓoye, na ce wani tsoho ne a dangi.

Ya daɗe yana kallona, ƙosai a hannu.

"Bagaruwa," ya ce. "Wadda majema ka jima da ita. Bisa mol ɗina."

"E, ranka shi daɗe."

"Kai Badaru, da hankalinka, da sallarka."

Ya yi mini wa'azi na kusan rabin awa, da aya da hadisi, kuma duk gaskiya ya faɗa. Na jira ya ce in ajiye kayan aiki. Sai ya ce, "Da ran Littinin ɗin nan kah hwaɗi, zagi kaɗai za ka sha. Yanzu ka sa na zalunci bawan Allah gaban jama'a. In kore ka, wa za shi riƙa man babban inji? Tashi ka tai ka kira man shi. Ka hwaɗa mai da bakinka."

Da na fito na dubi hannuwana. Ban san me nake jira in gani ba.

Zan je gidan Yohanna a Minanata yanzu. Rabon da in ji iska ta shiga ƙirjina haka tun farkon wata.

Laraba, ƙarfe 5:40 na yamma

Na same shi a tsakar gida yana gyara wa ƙaramin ɗansa keke. Martha ta kawo mini ruwa, ta gaishe ni da Baban Khairiyya kamar kullum, ta shiga ciki. Na ƙi zama a kujera, na tsuguna.

Na faɗa masa yadda na faɗa wa Alhaji, wannan karon har da sunan Inna. Bai daina ɗaure sarƙar keken ba sai da na gama.

"Na sani," ya ce.

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar Litinin ɗin farko. Da na zo Sakkwato, shekara uku na zauna a bayan majema. Na san warin bagaruwa. Kuma yatsu huɗu ne, Maƙeri, na hannun dama, daga inda kake tsayawa."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya ajiye sifana. "Ka yi tunani. Ni Yohanna in tashi a gaban mutane in ce maganin gidanku ne ya ɓata mol. Ban san me ke cikin kwalbar ba. In da rubutu a ciki fa? Kafin magana ta kai bakin titi ta zama wani abu dabam, ka san haka. Ina da yara uku a garin nan."

Babu rubutu a ciki, na ce. Ya ce shi ina ya sani.

Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, ko sau ɗaya. Kwana goma sha shida ina juyi a kan tsorona, ban tambayi kaina ko shi ma yana da nasa ba.

"Kuma ba shi kaɗai ba ne," ya ce. "Na ga yadda kake kallon injin tun abin Mode. Ban ji haushin kwalbar ba. Na ce Maƙeri zai faɗa da kansa. Kullum da safe in ka shigo sai in ce yau ne. Ranar da ka riƙe mini fitila na ce yau ne. Ranar Asabar da na riƙe hannunka ma na ce yanzu ne."

Na ce Alhaji na kira, ya ce ya dawo, zai wanke shi a gaban kowa. Ya ce ya gode, zai je ya gaida Alhaji, kuma yana so a wanke shi ɗin saboda yara. Amma ya riga ya ba wani ɗan'uwansa a Kaduna magana, ƙarshen wata zai fara. Martha da yara za su zauna har ta samu canjin wurin aiki.

Na roƙe shi. Na ce ni zan tafi shi ya zauna. Na ce ya yafe mini.

"Na yafe. Da gaske nake. Amma aikin nan ka san shi. Ni ke sa kaina da hannuwana cikin mol, kai ke tsaye a kan feda. Shekara tara ban taɓa waiwayowa in duba ƙafarka ba. Yanzu zan waiwaya."

Ya rako ni har bakin titi, ya tsayar mini da kabu-kabu. Ya ce in gaida Inna, kada in faɗa mata ya sani.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Alhaji ya tara kowa ya faɗi gaskiya, ya aika wa masu walda ma. Yanzu a bakin titi Boka suke ce mini. Na cancanta.

Na je Ƙofar Marke na wuce ƙofar gidan sau biyu, sannan na shiga. Na faɗa wa Inna na buɗe baki. Ta kama hannuna ta riƙe har aka kira la'asar.

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe 4:30

Mol ya dawo daga Kano.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe 2:00

Fuska ɗari uku na buga yau, haske miƙe a kan kowace. Aikina yana nan, yatsuna goma suna nan.

Motar Kaduna ta tashi da Yohanna ƙarfe bakwai. Nuriyya da Khairiyya sun je rakiya. Ni ban je tasha ba, ya ce kada in je.